RA'AYINMU: Tsakanin Ido da Hankali, Wa Zai Ja Ragamar Ilminmu?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowa mun ga ya kyautu mu ɗan jingine maganar kuɗin makaranta da ta ɗakunan kwana, mu juya ga wata tsohuwar muhawara wadda masana falsafa suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna tafkawa. Muhawarar kuwa ita ce: ta wace hanya ɗan Adam yake samun tabbataccen sani? Wani ɓangare ya ce ta hanyar gani da ji da taɓawa da yawan gogayya da al'amura, watau abin da Bahaushe yake nufi in ya ce gani ya kori ji. Ɗaya ɓangaren kuma ya ce a'a, ido yana ruɗuwa, kunne yana kuskure, hankali ne kaɗai alƙalin da hukuncinsa ba ya tashi. Ɗalibai da yawa sukan ci karo da wannan batu a aji, su haddace sunayen masu shi domin jarrabawa, da an fito kuma su bar shi a bakin ƙofa. To, a ra'ayin wannan mujalla batun ya fi ƙarfin takardar jarrabawa, domin ya shafi gero da rumbu, ya kuma shafi yadda za mu yi da jama'armu ranar da aka danƙa mana ragamar aiki.

Domin kada zance ya tsaya a sama, bari mu sauko da shi ƙasar Gumel, watau ƙasar Lautai, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na arewacin Jihar Jigawa: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta jigawa da rairayi, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, daminarta kuwa ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba. Mutanenta suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo, suna kuma kiwo. A irin wannan ƙasa kuskuren sani ba abin wasa ba ne. Wanda ya yi shuka a kan ruwan ƙarya ya yi asarar iri, wanda ya yi jinkiri kuwa damina ta bar shi a baya. Haka nan jami'in da ya zo da shawara maras tushe, ko ya hana wata dabara mai tushe, ƙauye guda yake jefawa cikin yunwa, alhali shi albashinsa yana nan ba abin da ya taɓa shi. Jami'an nan kuwa daga jami'a suke fitowa, gobe kuma mu ne a kan kujerunsu.

Mu fara da masu fifita hankali. Babbansu a ƙasar Girka shi ne Aflatun, wanda ya lura cewa duk abin da ido yake gani yana sakewa yana lalacewa, saboda haka ba za a aza harsashin sani a kansa ba. A Turai kuma sai René Descartes, mutumin Faransa wanda ya rayu daga 1596 zuwa 1650. Shi wannan ya ƙudurta zai yi shakkar duk abin da yake karɓar shakka, har ya isa ga abin da ba ya karɓarta. Ya ga gaɓoɓinsa sun taɓa yaudararsa, ya ga mai mafarki yakan ɗauka a farke yake, sai ya ajiye shaidarsu gefe. Abin da ya rage masa shi ne cewa shakkar kanta ba ta yiwuwa sai da mai yin ta, daga nan kuwa ya fara gini. Spinoza na Holan da Leibniz na Jamus suka bi wannan tafarki. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce lissafi. Dillalin da ya haɗa raguna 7 da raguna 5 a kasuwar Maigatari ya san 12 ke nan, ba ya bukatar zuwa kasuwar Wudil ya sake ƙirgawa don ya ga ko a can za su zama 13. Malamin da yake rabon gado ba ya zagaya gona kafin ya san sumuni rabin rubu'i ne. Irin wannan sani ba ya jiran damina, ba ya kuma sakewa da sakewar wuri.

Masu fifita gogewa kuma suka ce ai wannan duk lissafi ne, bai gaya maka ko akwai raguna a kasuwar ba. John Locke na Ingila, a littafinsa na 1690, ya nuna cewa zuciyar jariri tamkar wankakken allo ce, ba a zo da rubutu a kanta ba. Duk abin da mutum zai sani daga baya, gaɓoɓi ne suka shigo masa da shi, sai kuma abin da ya lura da shi na aikin zuciyarsa. Wanda bai taɓa ɗanɗana tsamiya ba, ko a kwana ana kwatanta masa ba zai san tsaminta ba. David Hume na Sikotland, wanda ya rayu daga 1711 zuwa 1776, shi ya kai maganar ƙarshenta, har ya tono raunin ɓangarensa da kansa. Ya ce in muka ce wannan ne sanadin wancan, iyakar abin da muka gani shi ne ɗaya yana biye da ɗaya sau da yawa, amma igiyar da ta ɗaure su ba wanda ya taɓa ganinta. Sabo ne yake sa mu tsammanin gobe za ta yi kama da jiya. Saboda haka ilmin gogewa ba rayuwa sai da shi, amma ba ya ba da tabbaci irin na lissafi.

Kada wani ya ɗauka wannan muhawara baƙuwa ce da boko ya kawo mana. Almajiran zaure sun daɗe da saninta a darasin tauhidi. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, malamin Tilmisan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490, kuma wanda aka daɗe ana karanta littafinsa Ummul Barahin a zaurukan ƙasar Hausa, ya kasa hukunci gida uku a cikin Muƙaddimarsa: na shari'a, da na al'ada, da na hankali. Na hankali shi ne wanda ba ya jingina da maimaituwa, kamar a ce ɗaya rabin biyu ne. Na al'ada kuwa shi ne a ƙulla alaƙa tsakanin abu da abu domin an sha ganinsu tare, alhali yana yiwuwa wata rana su saɓa. Wannan bayani ya riga haihuwar Hume da fiye da shekara 200. Tun kafin Sanusi ma, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga, ya nuna cewa abin da ido ya shaida shi ne ƙonewa ta auku lokacin haɗuwarsu, bai shaida tilas ba. Gaskiya ne manufarsu ta sha bamban da ta Hume, domin su aƙida suke karewa, amma rabon da suka yi tsakanin al'ada da hankali shi ne mabuɗin wannan magana tamu.

Yanzu mu duba hukuncin al'ada a gona da kasuwa. Manomi a Sule Tankarkar in ya ga shamuwa ta sauka ta fara gyaran sheƙa, ya ji iska ta juyo daga kudu maso yamma, ya san lokacin gyaran gona ya yi, wani ma ya yi binne ya jira ruwa. Dillali a kasuwar Maigatari ranar Alhamis yakan buɗe bakin sa ya dubi haƙora ya faɗi shekarunsa, ya zagaya shi sau ɗaya ya kimanta namansa. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Sai dai misalin da ya fi kowanne shi ne na gawo. Duk wanda ya zauna a ɗaki ya yi ƙiyasi zai ce: itace yana fid da ganye da damina, inuwar itace tana hana shuka girma, saboda haka a raba gona da itace. Ƙiyasin ya tafi daidai, ba inda ya karye, sai dai gawo bai san da shi ba. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Ganyen da ya zuba ya zama taki, dabbobi su fake a inuwarsa da rani su ci 'ya'yansa su bar kashi, ga shi kuma masana sun gano daga baya cewa saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin naitirojin daga iska. Manomi bai san sunan sinadarin ba, amma ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Tarihin baka na Damagaram ma ya nuna cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo.

Haka zancen gauraya shuka yake. An daɗe ana koya wa malaman gona cewa noman zamani shi ne iri ɗaya a gona ɗaya, a jere, kamar yadda ake yi a Turai, cewa kuma manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a fili guda rashin wayewa ne ke damunsa. Sai wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ya ajiye wannan zato ya tafi ya auna. Daga 1966 ma'aikatansa suka riƙa bin manoman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna rubuta aikin da suka yi da amfanin da suka samu. Sakamakon da ya buga a 1974 ya nuna cewa, a yanayin noman fartanya, gonar da aka gauraya ta fi kawo amfani a kowace eka, ta kuma fi tsare mai ita daga asara, domin in gero ya ƙi, wake zai ɗauke shi. Ashe manomi yana da hujja, sai dai ba a taɓa tambayarsa ba.

Darasi na uku daga ƙetaren iyaka yake. A ƙasar Maraɗi an kashe dukiya mai yawa ana rainon dashe ana dasawa, rani da awaki suna cinyewa, alhali a lokaci guda ana ɗaukar gonar da aka share ƙal a matsayin gonar manomin kirki. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi reshe ɗaya ko biyu a bari, a datse sauran. Wannan dabara, wadda ake kira sassaben zamani, tana da asali a cikin aikin manoma na da, manoman ne kuma suka yaɗa ta baki da baki bayan farin 1984. Masu binciken da suka kwatanta hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wani babban yanki na wannan fili yana ƙasashen Magarya da Matamai da Mirya ne, watau jihar Damagaram da ke maƙwabtaka da ƙasar Gumel, kuma a can gawo ne ya fi yawa.

Wanda ya karanta zuwa nan zai ce ai shari'a ta ƙare, ido ya yi nasara. To, a dakata, domin ido ma yana da nasa laifin. Gazali ya kawo misalai biyu a kan haka. Ido yana kallon inuwa ya ce a tsaye take, alhali tafiya take sannu a hankali. Yana kallon tauraro ya ce bai fi dinari ba, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. A ƙasarmu ma an ga irin wannan. A 1934 wani shehun malamin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani. Ya ga rairayi, ya ga itatuwa ba ganye, ya ga ƙura ta rufe sama, ya koma ya shelanta a 1935 cewa Sahara tana matsowa kudu kimanin kilomita ɗaya a shekara. Hankalin mahukunta ya tashi, har Ingila da Faransa suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta masana, wadda ta bi iyakar ƙasashen biyu daga 1936 zuwa 1937. Hukumar ta sami wuraren da sara da noma suka gajiyar da ƙasa, amma ba ta sami shaidar cewa hamada tana tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Mutumin ya gani da idonsa, ba ƙarya ya yi ba. Kuskurensa shi ne ya gina hukuncin ƙarni a kan kallon rani guda.

Gogewar dattawa ta fi ta baƙo tsawo nesa ba kusa ba, amma ita ma hukuncin al'ada ce, tana iya saɓawa. Shekarun 1950 shekaru ne na wadatar ruwa a duk yankin Sahel. Noma ya matsa arewa, gyaɗa ta bunƙasa, dalarta ta tashi a Kano. Duk wanda ya girma a wannan zamani, abin da idonsa ya koya masa shi ne ruwa yana zuwa yana isa. Daga 1968 al'amari ya fara juyawa, fari ya yi tsanani a 1972 da 1973, ya sake dawowa a 1983 da 1984. Shamuwa ta zo kamar yadda ta saba, amma damina ba ta cika alkawari ba. Tsofaffin da suka riski labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, sun san irin haka tana aukuwa, amma ba wanda gogewarsa ta gaya masa yaushe, ko don me. A nan ne maganar Hume da ta Sanusi take fitowa fili: yawan maimaituwa yana ba da rinjayen zato, ba ya ɗaure gobe.

Akwai kuma abin da ido ba shi da ikon gani ko da ya shekara yana kallo. A 1975 wata cuta mai tsuke ganyen gyaɗa ta hana ta girma ta auka wa arewacin Nijeriya, ta lalata kimanin hekta dubu 700. Manomi ya ga gyaɗarsa ta ƙanƙance, ya ga ƙananan ƙwari a ganye, amma ƙwayar cutar da ƙwarin suke ɗauka daga wannan tushe zuwa wancan ta fi ƙarfin ido. Sai da aka yi tunani, aka ƙaddara sanadi, aka ware shuka a gwada, kafin a gane yadda take yaɗuwa, a kuma fitar da iri mai jure mata. Haka ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Kowane manomi a Gagarawa ya san gonar da ta gaji yake so, ya san taki yana rage shi. Amma bincike ne ya nuna cewa tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙananan 'ya'ya kamar ƙura, cewa suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, cewa kuma ba sa tsira sai sun ji wani ruwa da saiwar gero ko dawa take fitarwa. Wanda ya san haka ya san dalilin tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, ya kuma san ɓarnar da ya gani a sama ta riga ta auku a ƙarƙashin ƙasa.

Dalilin farin ma haka aka bi shi. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ƙiyasi mai kyan tsari. Ya ce in kiwo da sara suka tuɓe ƙasa, farin rairayi zai mayar da hasken rana sama, wannan kuma zai rage haɗuwar hadari. Mutane da yawa suka riƙe wannan suka ɗora laifin fari a kan makiyayi da manomi. A 1986 masana na hukumar yanayi ta Ingila suka kwatanta lissafin ruwan Sahel na shekaru masu yawa da na zafin ruwan teku, suka ga cewa bambancin zafi tsakanin tekunan kudu da na arewa yana tafiya tare da yawan ruwanmu ko ƙarancinsa. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan. To, wane dattijo ne a Maigatari zai hango Tekun Atalantika daga gonarsa? Wane masani ne kuma zai gano wannan da tunani zalla, ba tare da awon da matuƙan jiragen ruwa da masu tsaron ma'aunin ruwan sama suka tara shekara da shekaru ba? Ƙiyasin farko hankali ya gina shi, awo ya gyara shi, hankali kuma ya sake karanta awon.

Wannan shi ne kusan matsayin da Immanuel Kant na Jamus ya kai a littafinsa na 1781. A wurinsa sani da gogewa yake farawa, amma ba dukkansa ne daga gogewa yake fitowa ba. Gaɓoɓi suna kawo kaya, hankali ne yake da ma'aunan da ake jera su, kamar wuri da lokaci da sanadi. In za mu kwatanta da abin gida, sai mu ce gaɓoɓi su ne suke kawo zare, hankali shi ne masaƙa. Masaƙa ba zare aikin banza ce, zare kuma ba masaƙa ba ya zama zane. Saboda haka amsar tambayar da muka sa a kan wannan sharhi ita ce ba ɗayansu da zai ja ragama shi kaɗai. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya nuna yadda ake haɗa su. Ya shafe shekaru daga 1974 zuwa 1986 yana komawa ƙauyen Dagaceri, gabas da ƙasar Gumel, yana tambaya yana rubutawa yana aunawa, kafin ya buga littafinsa na 1989 a kan yadda talakawa suke jure wa fari.

Abin da yake damunmu shi ne ɗalibai iri biyu da jami'a take yayewa. Na farko shi ne wanda ya koma gida da takarda a hannu da raini a zuciya, duk abin da bai gani a littafi ba camfi ne a wurinsa. Wannan shi ne zai sa a sare gawo domin tarakta ta sami hanya. Na biyu shi ne wanda, don gudun a ce ya zama Bature, yake gaskata duk abin da aka ce masa daga kakanni aka gada, ba ya tambaya ba ya gwadawa. Wannan kuma shi ne zai bar ƙuduji ya yi 'ya'ya yana cewa haka Allah ya yi gonar. Dukansu biyu sun ci amanar ilmi, dukansu kuma talaka ne yake biyan kuɗin kuskurensu. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, amma ladabi bai hana yaro ya durƙusa ya ce, “Baba, yaya aka yi kuka san haka?” ba. Wannan tambaya ita ce mafarin bincike, dattijon kirki kuwa murna yake da ita.

Saboda haka muna kira da a yi abubuwa huɗu. Na farko, kowane ɗalibi ɗan waɗannan ƙananan hukumomi huɗu ya sayi littafin rubutu kafin dogon hutu, ya zauna da dattawan garinsu maza da mata, ya rubuta sunayen irin gero da dawa da wake, da sunayen ƙasa, da alamomin ruwa, da shekarun yunwa da abin da aka ci a cikinsu, ya sa sunan gari da kwanan wata. Duk dattijon da aka binne ba a rubuta saninsa ba, awon shekara saba'in ne ya tafi. Na biyu, a sa ma'aunin ruwan sama a makarantun firamare, ko da gwangwani miƙaƙƙe ne da rula, a koya wa yara rubuta abin da ya sauka kowace rana, su kuma rubuta ranar da shamuwa ta sauka. Bayan shekara 10 za a san iyakar gaskiyar alamar. Kwalejin Ilmi ta Gumel, wadda take horar da malamai, ita ce ta fi dacewa da jagorancin wannan aiki.

Na uku, 'yan ajin ƙarshe su zaɓi batun kundinsu daga matsalolin gida. A auna geron gindin gawo da na fili a gona guda, a auna gonar da aka gauraya da wadda ba a gauraya ba, a kuma mayar wa manoma sakamakon da Hausa, domin su ne suka ba da aron gonakinsu da saninsu. Sashen falsafa kuma ya riƙa karantar da Sanusi da Gazali kafaɗa da kafaɗa da Descartes da Hume, domin ɗalibi ya san zauren gidansu ma yana da abin cewa. Na huɗu ya shafi shirin dashen itatuwa na tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya ratsa. Muna roƙon masu gudanar da shi su auna nasararsu da yawan itatuwan da suka rayu bayan rani uku, su bar ƙirga dashen da aka raba ranar biki, su kuma tambayi masu gonaki wane itace suke so kafin a haƙa rami.

'Yan'uwa, jama'a ce take ɗaukar nauyin karatunmu da guminta, abin da take jira daga gare mu kuwa shi ne mu ƙara wa saninta, ba tare da mun rushe wanda muka tarar ba. Dattawanmu suna da ido na shekaru, mu kuma an ba mu awo da lissafi da hanyar tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da ɗalibin jami'a ya zauna a gindin gawo da littafinsa a buɗe, yana sauraron manomi yana kuma gwada abin da ya ji, ranar ce wannan tsohuwar muhawara za ta fara cika rumbu a ƙasar Lautai. Allah ya sa mu dace, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.